Awon Da Ba Na Malam Ba

Mahaifina ya rasu a farkon 2022, kafin azumi. Cikin abin da aka raba, ni na sami carbinsa da farin ƙyallen da yake shimfiɗawa idan an zo salatin Jauharatul Kamali a wazifa. Ƙyallen nan ni na kalmashe masa baki da hannuna tun ina yaron shago. Na tashi a gidan Tijjaniyya, na san sautin wazifa kamar yadda na san muryar mahaifiyata, amma har na kai shekara 38 ban taɓa karɓar ɗariƙa ba. Baba bai taɓa matsa mini ba. Da ya tafi sai gidan ya yi shiru bayan magariba, shirun ya dame ni, na ji ina son in ɗauki abin da ya ajiye.

Ni tela ne, shagona yana Fagge. Na faɗi wannan tun da wuri domin duk abin da na gani a wannan tafiya, ta ƙofar ɗinki na gan shi.

Na sami kawuna, yayan mahaifiyata, na ce masa ina son ya nuna mini muƙaddamin da zan je ya ba ni izini. Na ɗauka zai yi murna ya ce mu tashi yanzu. Sai ya yi shiru yana jan gemu, can ya ce, "Ka san sharuɗɗan?" Na ce na sani: lazimi safe da yamma, istigfari 100, salati 100, hailala 100, ga wazifa kullum, ga zikirin Juma'a kafin faɗuwar rana, ba a haɗa ta da wuridin wata ɗariƙa, kuma wanda ya ɗauka ba ya ajiyewa sai mutuwa. Ya ce, "To, abin da ba a ajiyewa sai mutuwa ba a ɗaukarsa da gudu. Wuridin ɗaya ne tun daga Shehu Tijjani a Fas har zuwa yau, kuma ana iya sabunta izini a wajen wani. Amma wanda ya fara riƙe hannunka, halinsa zai shafe ka ko kana so ko ba ka so. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai."

Ya tuna mini maganar Ibn Sirin cewa wannan ilimi addini ne, mutum ya duba daga wajen wa yake karɓar addininsa. Ya tuna mini yadda mahaifiyar Imamu Malik ta naɗa masa rawani ta tura shi wajen Rabi'a, ta ce ya koyi ladabinsa kafin iliminsa. Sannan ya ce, "Ilimin malami ba kai za ka auna shi ba, ba ka da mudun. Amma tausayi da kyauta ko jahili yana gane su. Je ka zauna. Kada ka yi ta kallon bakinsa, kalli hannunsa, ka kalli waɗanda suke ƙarƙashinsa."

Na farkon da na je wajensa babban shehi ne, mai jama'a. Wani abokina ɗan Kantin Kwari ya kai ni. Ranar Juma'ar da na fara zuwa, motoci sun cika layin har babu wajen ajiye babur. Da ya fito jama'a suka miƙe, zakirai suka ɗauki baiti, na ji tsigar jikina ta tashi. Karatunsa kuwa babu abin cewa, har hawaye na yi. Bayan an shafa sai aka fara rabo. Na ga ya cire babbar rigar da ke jikinsa ya yafa wa wani zakiri. Na ga an miƙa wa wani saurayi makullin babur. Hadimai suna ta raba sababbin kuɗi. A zuciyata na ce magana ta ƙare, wannan ai ko makaho ya san hannunsa a buɗe yake.

Da abokina ya gaya wa manyan hadimai sana'ata, sai aka fara ba ni ɗinkin gidan. Gab da Maulidin 2022, wanda ya faɗo a watan Oktoba, aka kawo mini shadda ta kaya 14, na 'ya'yan gidan da na wasu hadimai. Na ajiye ɗinkin mutane, ni da yarana uku muka kwana a shago har dare huɗu, man inji daga aljihuna, zaren aiki daga aljihuna. Da na kai, babban hadimi ya duba ya yaba, ya ce, "Allah ya ba ka albarkar Shehu." Ko kwabo ba a ba ni ba, ba a kuma yi maganar kuɗi ba. Na biya yarana daga wani wuri.

Wannan ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Amma da na kai wa kawu ƙara sai ya ce in cire kuɗina daga cikin ma'auni. Ya ce mai jin haushi ba ya iya awo, kuma mai yiwuwa shehin bai ma san ba a biya ni ba. Na ga gaskiyarsa, na yafe, na ci gaba da zuwa.

Abin da ya fara sanyaya mini gwiwa ba nawa ba ne. Akwai wani dattijo mai wanki da guga a gidan, wanda aka ce ya fi shekara 20 yana wannan hidima. Muna yawan haɗuwa a bayan gida inda nake karɓar kaya. Wata rana na tarar da shi zaune a dakalin ƙofa da takardar asibiti a hannu, jikarsa ce ba lafiya, ana neman kuɗin ƙarin jini da magani. Kwanansa uku yana neman ganin Shehi, hadimai suna ce masa yana ganawa da baƙi. Baƙin kuwa ina ganin shigarsu, masu manyan motoci ne. Ranar ta zo daidai da gwajin wata riga, aka shigar da ni ciki. Ina durƙushe ina daidaita masa gindin riga na yi ƙarfin hali na ce, "Allah ya ƙara wa Maulana lafiya, mai wanki yana waje, jikarsa tana asibiti." Bai tsaya da maganar da yake yi a waya ba. Ya sa hannu a aljihu ya zaro kuɗi masu kauri, bai ƙirga ba, ya miƙo mini ta gefe. Kuɗin sun isa har sun yi saura, yarinyar ta warke, kuma ladan wannan yana wajen Allah. Sai dai bai tambayi wane mai wanki ba, bai tambayi me ya sami yarinyar ba, bai ce a shigo da shi ba, daga baya ma bai tambayi jikinta ba. Na daɗe ina juya wannan a raina. Kyauta dai an yi ta, babba ma. Amma na fito daga ɗakin nan jikina a mace, na kasa gaya wa dattijon yadda aka ba da kuɗin, sai na ce masa kawai Shehi yana gaishe shi, wanda kuma ba haka aka yi ba. Na nemi gafarar Allah a kan wannan.

Abin da ya raba ni da wurin ya faru a watan Disamba. Akwai wani muridi da ya bar majalisar ya koma wajen wani shehi. An sha ambatonsa da habaici. Sai aka wayi gari shagonsa ya ƙone ƙurmus. A majalisar Juma'ar da ta biyo wani ya miƙe ya ba da labarin, ya ce wannan karama ce, duk wanda ya juya wa gidan nan baya haka zai gani. Wuri ya ɗauki kabbara. Ni kuwa idona yana kan fuskar Shehi, ina jiran ya ɗaga hannu ya ce a bari, ko ya ce Allah ya mayar masa da alheri. Murmushi ya yi, ya ci gaba da jan carbi. Mutumin nan yana da mata da 'ya'ya bakwai, na san shi, na taɓa yi masa ɗinki. Daga ranar ban sake komawa ba. Ban ce shehin ba mutumin Allah ba ne, tsakaninsa da Ubangijinsa ba ni da labari. Na dai san ba zan iya sa hannuna cikin hannun wanda ya yi murmushi a kan gobarar wani ba.

Na yi wata guda ba na zuwa ko'ina. Har na fara tunanin ko in bar maganar, in riƙe sallata da istigfarina. Mahaifiyata ce ta ce, "Akwai malamin da Babanku yake zuwa wajensa bita a cikin birni, can bayan Jakara. Ka taɓa gwada shi?" Na san shi sama-sama, ya zo ta'aziyya, ya yi addu'a gajera ya tafi.

Na je a watan Janairun 2023. Soro ne na ƙasa, an shafe shi da siminti, da tabarmi uku da buzu ɗaya. Magidanta suna zuwa da asuba da bayan la'asar, kowa da littafinsa, wani Ahalari, wani Iziyya, wani Risala, ana biya wa kowa nasa. Akwai almajirai kamar 20 da iyayensu suka kawo daga ƙauyuka. Malam tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya, yana da gona a garinsu. Ba mai fara'a ba ne. Da na gaishe shi na faɗi buƙatata, sai ya dube ni ya ce, "Kai ne telan?" Na ce ni ne, Allah ya gafarta Malam. Ya ce, "Farillan alwala nawa ne?" Na lissafa, na tsallake ɗaya. Ya ce, "Gobe ka zo da Ahalari."

Da aka kwana biyu na sake tayar da maganar ɗariƙa. Ya ce, "Akwai sallar da ake binka?" Na ce akwai na wasu shekaru a ƙuruciya. Ya ce in fara ramawa. Ya ce, "Mahaifiyarka tana jin daɗinka?" Na ce ina fata. Sai ya yi tambayar da ta tsaya mini a maƙogwaro: "Kayan mutum nawa ne a shagonka waɗanda ka yi wa alkawari rana ta wuce?" Na yi shiru, domin na san amsar, sun fi 30, wasu tun ƙaramar salla. Ya ce, "Mai cewa gobe alhali ya san ba goben ba ce, idan ya ƙara wa kansa wuridi ya ƙara wa kansa hujja ne. Je ka sallami mutane." Na fita ina jin kunya da ɗan haushi. Na zo auna shi, ashe shi ma yana da tef a hannunsa.

Ana haka sai ƙarancin takardun kuɗi ya sauka. Duk wanda yake Najeriya a watan Fabrairun 2023 ya san abin da nake nufi: an sauya fasalin naira 200 da 500 da 1000, tsofaffin sun shige banki, sababbin ba su fito ba, mutum da kuɗinsa a asusu yana kwana da yunwa, tiransifa tana maƙalewa, layi a bakin banki tun kafin asuba. Gidajen da suke ba almajirai ragowar tuwo su ma tukunyarsu ta ragu. A nan na fara ganin Malam da kyau, domin ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Wata safiya na tarar da a-kori-kura tana sauke buhunan gero da dawa a ƙofar gida, guda tara. Ɗansa ya gaya mini abincin shekarar gidan ne da aka bari a ƙauye, an saba ɗauko shi buhu-buhu. Malam ya sa an kwaso duka, ya hana yaran fita bara, ya ce masu bayarwar ma suna nema. Aka riƙa dama kunu da safe, tuwo da dare, a tukunya ɗaya da ta iyalinsa. Maƙwabta ma suna aiko yara da kwano, ba a mayar da kowa. Na ji wani ɗalibi ya ce masa, "Malam, damina da saura." Ya ce, "Na sani."

A cikin kwanakin nan na samu sababbin kuɗi naira 5,000 da ƙyar, bayan mai POS ya cire nasa kaso mai tsoka. Na ninke su na kai wa Malam hadiyya. Ya karɓa ya ƙirga a gabana, abin da ban taɓa ganin malami ya yi ba. Ya ce, "Nawa ka bari a gida na cefane?" Na ce za a samu. Ya ce, "Ba haka na tambaye ka ba." Na ce babu. Ya mayar mini da 3,000, ya ce in wuce kasuwa kafin in je shago. Sauran 2,000 ya kira wani yaro ya ce ya kai gidan wance, ya ce mata na maganin hawan jininta ne, kada ta sayi wani abu da su. Ya san ciwonta, ya san kuɗin maganin, ya san kuma za ta iya karkatar da su ga jikokinta. Ina tafe a hanya ina tuna kuɗi masu kauri da aka miƙo mini ta gefe ba tare da an tambayi suna ba.

Azumi ya kama ranar 23 ga Maris. A satin farko Malam ya zo shagona da kansa a bayan babur ɗin ɗansa, da bandir biyu na yadi mai sauƙin kuɗi, ruwan toka, da takarda ɗauke da sunaye 26. Ya ce in zo in yi awo. Sai ya zauna ciniki. Wallahi ya yi ciniki kamar ɗan kasuwa, har na ce a raina wannan akwai riƙo. Na ce masa ya bar shi kawai, sadaka ne. Ya ce a'a, yarana na shago ba su yi niyyar sadaka ba, kuma ba ya son ɗinkin da ba zai iya yi wa magana ba idan ya lalace. Muka daidaita. Ya biya kashi uku, yana rubutawa a wani ɗan littafi, kuma bai ɗauki ko wando ɗaya ba sai da ya cika.

Ranar awo na tsaya a soro da tef a wuyana, yara suna shigowa ɗaya bayan ɗaya. Sai a tsakiyar layi na gane cewa shida daga cikin 26 ɗin 'ya'yansa ne da jikokinsa. Yadi ɗaya, launi ɗaya, ɗinki ɗaya. Na yi wa gidaje da yawa ɗinkin salla, na san yadda ake ware na 'ya'yan gida a leda daban, a ce wannan a yi masa aiki a wuya, wancan a bar shi haka. A nan ƙaramin ɗansa ya ce yana son a sa masa aljihun gefe, Malam ya ce in za a sa, a sa wa kowa. Na sa wa kowa.

Ana saura kwana goma salla ya aiko mini da shadda gezna fara, yadi goma, wadda wani attajiri cikin ɗalibansa ya ba shi. Na yi murna, na ce yau Malam zai fita kunyar riga, domin rigarsa ta Juma'a sau biyu ina juya mata wuya. Sai na buɗe takardar awon da ya haɗo da ita. Na riga na san awon Malam a ka, dogo ne siriri. Wannan awo na gajere ne mai faɗin kafaɗa. Ban tambaya ba, na ɗinka. Ranar idi na ga rigar a jikin ladanin masallacinsu, wanda zai aurar da 'yarsa bayan salla da kwana uku. Ladanin yana ta gaya wa mutane wani bawan Allah ne ya aiko masa, bai san ko wane ne ba. Ni da na sani na kama bakina.

Saura cikin gida, inda namiji baƙo ba ya shiga. Kawu ya taɓa gaya mini cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki malaman zamaninsa da suke karantar da ɗalibai safe da yamma, su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, ya ce neman suna ne ke sa haka. Ya ce in ana son sanin malami a tambayi bayan labule. Na ji tsoron kada abin ya zama leƙen asiri, wanda Alƙur'ani ya hana. Kawu ya ce abin da baƙo ya gani da idonsa ba tare da ya buɗe ƙofar da aka rufe ba, ba leƙe ba ne, amma kada a yi wa kowa tambayar bugun ciki. Mai ɗakina ta fara shiga gaisuwa, daga baya ta saba da su. Ita ta gaya mini cewa uwargidan Malam ta shekara huɗu da shanyewar ɓarin jiki, kuma Malam ne da kansa yake yi mata alwala kafin ya fita asuba, ya juyar da ita ta fuskanci gabas. Ta ce bayan isha'i yana zama da matan gidan da littafi, kuma amaryar, wadda ita ma ta manyanta, ta sauke Risala a hannunsa. Ta kuma ce suna ƙorafin yana da faɗa, kuma ba ya ajiye komai, abin da ya shigo da safe ba ya kai yamma, wani lokaci har su rasa na sabulu. Wannan ƙorafi na riƙe shi, domin kyautar da take cin haƙƙin iyali ita ma abin dubawa ce, kuma har yau ina ganin a wannan gefen Malam yana wuce gona da iri a wasu ranaku.

Faɗan kuwa na gan shi da idona, kuma saura kaɗan ya kore ni. A cikin damina ne, bayan cire tallafin mai na 29 ga Mayu ya sa lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, komai ya yi tsada, kowa a ƙage yake. Wani ya ba Malam amanar naira 7,000 ya kai wa wata marainiya. Kuɗin suka ɓace a soro. Wani almajiri ɗan shekara 12 ne ya share soron a ranar, kuma an taɓa kama shi da ɗaukar abu. Yaron ya rantse bai gani ba. Malam ya fusata, ya ɗauki dorina ya zuba masa uku a gabanmu, ya ce maƙaryaci. Yaron bai yi kuka da ƙarfi ba, ya dai koma lungu ya haɗa kai da gwiwa. Ni ba na son dukan yaro ko da ya yi laifi, balle ba a tabbatar ba. Na tashi na tafi, na yi sati biyu ban leƙa ba. Na ce wa kawu ga inda tausayin ya tsaya.

Cikin sati na biyu ɗan Malam ya kawo mini tsohuwar rigar nan ta Juma'a, wai aljihu ya yage. Na juya ta a kan teburi, na sa hannu ta cikin yagewar, sai na ji wani abu ya taru a can ƙasa tsakanin riga da shafi. Na farke ɗinkin da reza. Naira dubu-dubu guda bakwai, a ninke, an ɗaure da roba. Ta ramin aljihu suka zurara.

Na zauna da kuɗin nan a hannuna har aka kira la'asar. Na yi tunanin in ba ɗansa a ɓoye, a rufe maganar, a tsare girman Malam. Sai na tuna yaron a lungu. Na kuma san cewa duk abin da na zo nema wata da watanni yana cikin abin da Malam zai yi idan na ajiye masa kuɗin nan a gaban mutane. Na je bayan la'asar, soro a cike, na durƙusa na ajiye rigar da kuɗin, na nuna masa inda na farke. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, a nan na same su."

Ya dubi kuɗin, ya dubi ramin, ya daɗe bai ce komai ba. Na ga hannunsa yana rawa. Ya rufe littafin da ke gabansa ya ce a kira yaron, a kira duk almajirai, har da 'ya'yansa. Da suka taru ya ce, "Na ce wannan yaro ɓarawo ne kuma maƙaryaci a gabanku. Ni ne na yi kuskure, shi mai gaskiya ne. Na zalunce shi." Ya ɗauko dorinar ya miƙa wa yaron, ya juya masa baya, ya zame rigarsa daga kafaɗa, ya ce, "Uku ne. Rama, don Allah, gara nan da can." Dattijo mai shekara sama da 70. Yaron ya saki dorinar ya fashe da kukan da bai yi ba ranar da aka doke shi. Malam ya jawo shi ya rungume, yana cewa ka yafe mini, ka yafe mini, har yaron ya ce ya yafe. Washegari ya sa aka kira mahaifin yaron a waya ya gaya masa da bakinsa. Dorinar ban sake ganinta a soron ba. Harshen dai yana nan da kaifinsa, ni ma yana sauke mini shi idan na zo ban yi bita ba.

Akwai kuma wani tsohon ɗalibinsa da ya koma Izala, yana wa'azi a wani masallaci yana sukar ɗariƙa da zafi, wani lokaci da kalmomin da kowa ya san da wa yake. Ɗalibai suna kawo wa Malam rahoto, yana cewa a buɗe littafi. Da mutumin ya yi hatsarin babur ya karye a cinya, wani a soro ya fara cewa, "Ai dama..." Malam ya katse shi da tsawa. Ya ce, "Ni na koya masa alwala, ɗana ne. Wanda zai yi murna da ciwonsa ya tashi ya bar mini soro." Da yamma ya ce in ɗauke shi a babur mu je dubiya. Ya zauna a bakin gadon, ya tambayi wanda yake kula da iyalinsa, ya tura wani abu ƙarƙashin filo. Ba su yi maganar aƙida ba ko kalma ɗaya. Mutumin ya warke ya koma kan wa'azinsa, bai canza ra'ayi ba, Malam ma bai sa ran zai canza ba.

Na gama sallamar kayan mutane a watan Satumba, na ƙarshe wata atamfa ce da ta shekara biyu a ƙasan kabad, sai da na bi matar har Kurna na ba ta haƙuri. Ahalari ya ƙare, mun shiga Ishmawi. Bayan Takutaha, bikin da ake yi a Kano mako guda bayan Maulidi, da kwana biyu, a watan Oktoban 2023, Malam da kansa ya ce in tsaya bayan wazifa. Ya tambaye ni ko mahaifiyata ta sani, na ce ita ta turo ni. Ya karanto mini sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, ina cewa na karɓa. Ya ce, "Ka ga halina, ka ga aibina, kai ka tono shi ma. In ka ga na saɓa wa shari'a kada ka bi ni, ka kuma gaya mini." Sannan ya riƙe hannuna ya yi mini talƙini, ya ambaci wanda ya ba shi izini da wanda ya ba wancan, har zuwa Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, har zuwa Shehu Tijjani. Daren nan na shimfiɗa farin ƙyallen Baba a ɗakina.

Na ɗinka masa kaftani da wando na shadda mai kyau, ruwan ƙasa, daidai awonsa, na roƙe shi don girman Allah wannan ya sa a jikinsa. Ya ce to. Ya saka ranar Juma'a, ya tsaya a ƙofar masallaci har na gan shi, ya ce ɗinki ya yi kyau. Ya sake sakawa Juma'a ta biyu.

Da sanyi ya shigo, bayan an gama girbi, wani dattijo baƙauye ya shigo shagona riƙe da hannun yaron nan na dorina. Mahaifinsa ne, ya zo ganinsa. Ya ciro kaftani ruwan ƙasa daga leda ya ce Malam ne ya ba shi, ya kuma ce ya kawo nan a rage masa hannu da tsawo, ya miƙo naira 500 da Malam ya haɗo da ita ta kuɗin gyara. Na ce ya saka in gani. Na rage hannun inci biyu, tsawon inci huɗu, na goge masa, na karɓi kuɗin na rubuta a littafin shago.